Yatsuna na naɗewa a kan piyano: in ƙara atisaye ko in dakata?

Tambaya: Malam, shekaruna 19, ina kaɗa piyano a coci a Jos, burina in zama cikakken makaɗin dandamali. Wata biyu ke nan yatsuna biyu na ƙarshe a hannun dama suna naɗewa da kansu idan na zo wurin sauri, wuyan hannun kuma yana zafi. Mai koya mini ya ce rashin ƙarfi ne, in ƙara awoyi. Tsoro ya kama ni, kada hannun ya mutu.

Amsa: Ɗana, ka rufe piyanon nan tun yau. Ba zan iya gane ciwonka daga nesa ba, amma abin da ka kwatanta ya isa a dakata.

Ka san Leon Fleisher, shahararren makaɗin piyano? An haife shi a San Faransisko a 1928. Yana ɗan shekara tara gwanin piyano Artur Schnabel ya karɓe shi almajiri, yana da 16 ya hau dandamali tare da ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic. A 1952 ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe gasar kiɗa ta Sarauniya Elizabet a birnin Burasels. Faya-fayan kiɗan Beethoven da Brahms da ya naɗa tare da jagoran makaɗa George Szell har gobe da su ake auna na baya. A 1964, yana ganiyarsa, yatsun nan biyu da kake magana suka fara lanƙwashewa cikin tafin hannunsa na dama. Da bakinsa ya faɗa cewa da ya ga haka sai ya ƙara matsa wa hannun da atisaye. Kusan shekara 30 ya yi yana kiɗa da hannun hagu kaɗai.

Wannan magana ta "rashin ƙarfi" ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta. Wane ƙarfi? Maɓallin piyano nauyin da yake buƙata bai wuce giram 50 ko kusa da haka ba, yaro ɗan shekara biyar yana danna shi. Sauti mai kauri daga nauyin dantse da sakin kafaɗa yake fitowa. Ciwon Fleisher, wanda likitoci ke kira distoniya, ba ma a yatsa yake ba: ƙwaƙwalwa ce take cakuɗa umarnin da take aika wa yatsun, kuma yawan maimaita motsi ɗaya cikin takura yana daga abubuwan da ke jawo shi. Duk maimaicin da ka yi da naɗaɗɗen yatsa, kuskuren kake ƙara koya wa ƙwaƙwalwar. Malamin da ya ce ka ƙara awoyi tamkar wanda ya ga jaki na ɗingishi ne ya ƙara masa kaya. Zafin wuyan hannu kuwa galibi kumburin jijiya ne ko dannewarta, shi ma juriya ba ta warkar da shi. Ba na son jin "haka manya suka sha". Gary Graffman, makaɗin piyano tsaran Fleisher, shi ma hannun damansa ya daina yi masa biyayya a ƙarshen shekarun 1970.

Kada ka sayi abin matsa hannun nan mai sifirin da ake tallatawa a Facebook. Kada ka miƙa wa mai ɗori hannunka ya ja, ba targaɗe ba ne. Masu cewa jifa aka yi maka don hassada, ka bar su da zancensu.

Fleisher bai zauna kuka ba. Ya kaɗa kiɗan da Ravel ya tsara don hannun hagu, ya zama jagoran makaɗa, ya koyar a makarantar Peabody ta Baltimo tun daga 1959 har rasuwarsa a 2020. Manyan makaɗan piyano André Watts da Yefim Bronfman sun bi ta hannunsa. Allurar Botox mai sassauta tsoka da tausa ta musamman suka sa ya koma kiɗa da hannu biyu a tsakiyar shekarun 1990, amma ciwon bai rabu da shi ba, lallaɓa shi ya riƙa yi.

Ka je asibitin koyarwa ka nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, daga nan sashen gashin ƙashi. Kafin ka tafi, a ɗauki bidiyon hannunka da waya sau ɗaya, a daidai wurin da yatsun ke naɗewa, domin irin wannan ciwo yakan ɓuya idan ba a kan piyano kake ba. Ka faɗa wa shugaban mawaƙanku ya nemi wanda zai riƙe maka Lahadi, har sai likita ya ce ka koma.