Fom ɗin rajista yana maimaita mutum sau uku, yana kuma ƙin sunan dattijo: ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, kuma ina gina wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar hatsi shafin intanet da Django, kayan gina shafuka na yaren kwamfuta Python, domin mambobi su riƙa yin rajista da kansu. Na sa JavaScript, yaren kwamfutar da ke aiki a cikin burauza, ya duba kowane gurbi kafin a aika, amma na tarar mutum ɗaya ya shiga rumbun bayanai sau uku, wasu kuma babu lambar wayarsu, sannan wani dattijo ya ce fom ɗin ya ƙi karɓar sunansa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne: ka ajiye mai gadinka a wurin da ba kai kake da iko ba, sannan ka ba shi ƙa'idojin da ba a yi su don mutanenmu ba.

Duk abin da JavaScript yake dubawa, a cikin burauzar mai amfani yake duba shi, wato a wayar wani, ba a injin da ke ɗauke da shafinka ba. Idan rezo ya yi rauni fayil ɗin JavaScript bai sauko ba, ko burauzar tsohuwa ce, ko kuma wani ya aiko da bayanai kai tsaye ba tare da ya bi ta fom ɗin ba, to babu wanda ya duba komai. Binciken burauza yana da amfani domin yana nuna wa mutum kuskurensa nan take, amma hukuncin ƙarshe dole ne a yanke shi a wajenka. A Django wannan yana nufin ka gina fom ɗin a matsayin aji na Python, ka miƙa masa abin da aka aiko, ka kira is_valid domin ya duba shi, kuma kada ka adana komai sai abin da ya fito daga cleaned_data, wato bayanan da aka tace. Mambobin da ka gani a rumbu babu lambar waya alama ce ta cewa kana kwasar bayanai daga request.POST, wato abin da aka aiko ba a tace ba, kana zubawa a rumbu kai tsaye.

Lambar waya ita ce ta fi cancantar ka tsananta a kanta, domin yawancin masu sayar da gero da wake ba su da imel, kuma da lambar aka san su. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce, amma wani zai rubuta ta bibbiyu da tazara a tsakani, wani ya fara da 00227, wani da +227, kuma a wurin kwamfuta waɗannan mutane uku ne daban. Kada ka manta kuma cewa ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina sau da yawa yana riƙe da layin Nijeriya, wanda a gida ake rubuta shi da alƙaluma 11 yana farawa da sifili, a waje kuma a cire sifilin a sa +234. Don haka ka rubuta hanyar tacewa ta musamman ga wannan gurbi, wadda za ta share tazara, ta mayar da kowace lamba zuwa siga ɗaya mai farawa da alamar tarawa da lambar ƙasa, kafin a kwatanta ta da waɗanda ke cikin rumbu. Akwai kunshin Python mai suna phonenumbers da yake yin wannan aiki, kuma ya fi duk wata ƙa'ida da za ka ƙirƙira da hannu inganci.

Bayan haka ka sa unique=True a kan gurbin lambar, domin rumbun bayanai da kansa ya ƙi maimaici. Wannan mataki ba ƙari ba ne. Ka ɗauki mutumin da ke tsaye a bakin rumfarsa, ya danna maɓallin aikawa, shafin ya tsaya cik, ya sake dannawa har sau uku: buƙatun suna iya isowa kusan lokaci guda, kowace ta duba ta ga lambar ba ta nan, kowace ta adana. Sharaɗin da ke cikin rumbu ne kaɗai yake tare wannan, kai kuma sai ka kama IntegrityError, kuskuren da Django yake bayarwa idan rumbu ya ƙi maimaici, ka nuna saƙo mai ma'ana. Idan rajista ta yi nasara, ka tura mutum zuwa wani shafi daban, domin kada sabunta shafin ya sake aika fom ɗin. Sai dai ka fara tambayar shugabannin ƙungiyar ko akwai mambobin da suke tarayya a waya ɗaya, kamar miji da mata, domin idan akwai, lambar katin mamba ce ta fi dacewa ta zama abin shiga. Wannan shawara tun farkon aiki ake yanke ta, saboda sauya tsarin mai amfani na Django bayan an cika rumbu aiki ne mai wahala.

Batun dattijon nan shi ya fi damuna. Ina kyautata zaton ka kwafo ƙa'idar da ke karɓar haruffa daga A zuwa Z kawai, alhali sunayenmu suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ƴan'uwanmu na Nijeriya suna rubuta na ƙarshen da waƙafin sama, sannan rubutun Faransanci da ke kan katin ɗan ƙasa yana zuwa da wasula masu ɗigo ko alama a kansu. Mai suna Ɗanladi ko Ƙasimu bai yi kuskure ba, ƙa'idarka ce ta gaza. A gurbin suna ka wadatu da share tazarar farko da ta ƙarshe, ka tabbatar ba fanko ba ne, ka iyakance tsawonsa, ka kuma tabbatar rumbunka yana kan UTF-8, tsarin rubutun da ke karɓar duk waɗannan haruffa. Hana waƙafin sama ba shi ne tsaro ba. Django yana kare ka daga mai cusa mugun umarni ta gurbin fom matuƙar ta hanyarsa kake magana da rumbu kuma ba ka kashe tacewar da yake yi wa shafuka ba. Haka nan idan kana neman ranar haihuwa, ka bar wa mutum damar rubuta shekara kaɗai, domin da yawa daga iyayenmu ita ce kawai a takardunsu.

Kalmar sirri kuwa, kada ka taɓa adana ta yadda aka rubuta ta. Ka yi amfani da create_user ko set_password, waɗanda suke juya ta da PBKDF2 yadda ko kai ba za ka iya karanta ta ba, ka kuma bar matakan binciken da Django ya zo da su a kunne, fom ɗinka ya kira su ta validate_password: suna ƙin kalmar da ba ta kai haruffa 8 ba, da wadda alƙaluma ce zalla, da wadda ta yi kama da sunan mai ita. Ka sa csrf_token a cikin fom ɗin, wato shaidar da ke hana wani shafi aika shi da sunan mutum, shafin kuma ya kasance a kan HTTPS, hanyar da ke ɓoye bayanai yayin aikawa.

Kafin ka miƙa aikin, ka kashe JavaScript a burauzarka ka gwada aika fom ɗin fanko, sannan ka aika lamba ɗaya a sigogi uku. Daga nan ka rubuta saƙonnin kuskure da Hausa da Faransanci, kowanne a ƙarƙashin gurbinsa, ka ɗauki wayarka ka je wurin wannan dattijo, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya sake rubuta sunansa a gabanka.