Gwajin DNA: Gwaggo ko Baffa?

TAMBAYA: Malam, shekara shida ke nan ina bin salsalar gidanmu, na zo kan kakan mahaifina na wajen uba na tsaya cik. Sunansa kawai muka sani, babu takarda ko ɗaya. Na yi gwajin DNA, aka jero mini ɗaruruwan mutane wai dangina ne na nesa, ban san kowa ba. Mahaifina ya rasu, amma yayarsa tana nan, ta haura 80, da ƙaninsa. Gwaji ɗaya zan iya ƙarawa. Wa zan kai wa?

AMSA: Gwaggonki, 'yar'uwa, kuma kada ki ce sai an kwana biyu.

Kowa rabin DNA ɗinsa daga uwa yake, rabi daga uba, saboda haka duk hawa ɗaya sai rabon kakanni ya ragu da rabi. Mutumin da kike nema, abin da ke jikinki nasa wajen kashi 12.5 ne cikin ɗari. Gwaggo jikarsa ce, nata ya kai wajen kashi 25. A ce yana da ƙane wanda zuriyarsa ta yi wani wuri. Jikan ƙanen nan da gwaggo jikokin wa da ƙani ne, kuma irin wannan kusanci da wuya gwaji ya kasa gano shi; yawanci sukan haɗa sama da santimogan 200, wato ma'aunin da kamfanonin ke rubutawa gefen kowane suna. Ke da ɗan wannan jikan kuwa galibi ba ku kai 100 ba, kuma wajen ɗaya cikin goma na masu irin wannan dangantaka gwajin ba ya nuna musu komai.

In sakamakonta ya fito, ki ɗauki biro. Duk wanda ya bayyana a jerinki da nata, ta wajen uba ya zo, kin huta da dangin uwa. Sai ki ware waɗanda kin san reshensu, ki tara sauran gefe guda, ki duba su wa suka haɗa kaka a tsakaninsu. Aikin yana cin ido, ni ma nakan ajiye in tashi in sha iska, amma a wannan tarin baƙin ne amsarki take. Na'ura ba za ta faɗa miki sunansa ba; adadi take bayarwa, kuma kashi 25 na iya zama kaka, ko gwaggo, ko wanda aka haɗa uba kawai.

Za ki ce ai baffa ma jika ne, ga shi yana ɗauke da Y, wato ɓangaren DNA na maza wanda ke bi daga uba zuwa ɗa kusan ba canji. Gaskiya ne. Amma Y ɗin nan yana jikin 'ya'yansa maza da 'yan'uwanki maza, ba inda za shi. Abin da gwaggo ta gada kuwa, wani ɓangarensa ko ƙanin nata bai samu ba.

Ki shirya jin abin da ba ki nema ba. Da aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila a birnin Lesta a 2012, DNA na wajen uwa ya dace da zuriyar 'yar'uwarsa, amma Y bai dace da mazan da takardu suka ce layinsu ɗaya ba, wato a wani wuri a layin uban da aka rubuta ba shi ne uban jini ba. Don haka ki yi wa gwaggo bayani filla-filla, har da cewa bayananta za su zauna a hannun kamfani. In ta ce a'a, maganar ta ƙare, ki koma wajen baffa.

In ta yarda, ki lura tsofaffi da yawa tara yawu a kwalba yana ba su wahala. AncestryDNA yawu yake karɓa, MyHeritage da FamilyTreeDNA kuwa ɗan tsinken auduga ake gogawa a cikin kunci. Kada ta ci ko ta sha komai aƙalla minti 30 kafin nan, ko fiye in takardar kamfanin ta ce haka. Wannan rabin awar, ki kunna rikoda a wayarki ki tambaye ta wa ta taɓa jin yana kiran kakanta da wani suna daban.