Amsar tambayar omeprazole da esomeprazole

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanena mai kemis a Tudun Wada, na saurari tambayarka ta jiya, ka ce wata baiwar Allah ta zo da takardar likita an rubuta mata esomeprazole, maganin ƙwannafi da olsa, kai kuma omeprazole gare ka, ta ce ai duk ɗaya ne, “es” ɗin nan an liƙa shi ne kawai don a tsuga kuɗi.

To, ɗaga hannayenka biyu ka duba. Yatsu biyar nan, biyar nan, amma ɗora ɗaya a bayan ɗaya, ba za su taɓa daidaita ba. Haka ƙwayoyin sinadarai da yawa suke, akwai na dama akwai na hagu, kayan gininsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Louis Pasteur ne ya fara gano haka a Faransa a 1848, ya zauna da ɗan hantsaki yana tsince lu'ulu'un wani gishiri, na dama gefe, na hagu gefe. Gishirin kuwa na asid ɗin nan ne da ke sa tsamiya tsami, wannan dai ta kunun tsamiya.

Jikinmu kuma Allah ya gina shi da hannu guda. Idan magani ya shiga, kamar musabaha ce. Ka miƙa wa mutum dama ya miƙo dama, hannu ya zauna. Ya miƙo hagu fa? Shi ya sa sau da yawa ɗaya ke aiki, ɗayan ya zauna banza, wani lokaci ma ya yi ɓarna. Kun san labarin thalidomide, da aka fitar a Jamus a 1957 ana ba masu ciki saboda laulayi, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Sai dai ina jin mutane na cewa da an ware hannun kirkin shi ke nan an tsira. A'a. Shi wannan maganin, ko ka ba da hannu ɗaya zalla, a cikin jini yake juyawa ya koma biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen haɗawa. Idan ka haɗa sinadari a tukunyar masana'anta haka kawai, rabi dama yake fitowa rabi hagu, kamar ka ce wa baduku ƙafar dama kaɗai kake so, shi kuma bai iya ɗinka ta ba sai da 'yar'uwarta. Ka biya kuɗin biyu, ka zauna kana tsincewa, ka zubar da rabi. Sai masana suka ce, me zai hana shi katalis ɗin, wato ɗan sinadarin da ake sawa kaɗan ya zuga aikin ba tare da ya ƙare ba, a ƙera shi shi ma da hannu guda? Wallahi duk lokacin da na tuna wannan dabarar sai ta burge ni. Ɗan mitsitsi ne, amma duk ƙwayar da ta zo sai ya riƙe ta ta fuska ɗaya, ya sake ta, ya kamo wata, sau dubbai, kusan duka su fito hannu ɗaya.

William Knowles ya nuna haka a Amurka a 1968 da ƙarfen rodiyam, daga baya aka riƙa yin L-DOPA da wannan dabarar, maganin ciwon makyarkyata na Parkinson. Ryoji Noyori a Jafan ya ƙara gyara ta, har ana yin mentol tan-tan da ita, wato abin da ke ba ka sanyin nan a Tom Tom da Robb, shi ma hannu ɗaya ne ke da sanyin sosai. Su biyun da Barry Sharpless aka ba kyautar Nobel a 2001. A 2021 kuma aka ba Benjamin List da David MacMillan, don sun nuna a 2000 cewa ba dole sai da ƙarfe mai tsada ba, ƙaramin sinadari irin firolin, wanda ke cikin naman jikinmu, zai iya.

To mu dawo kan maganinka. Omeprazole gauraye ne, rabi da rabi. Esomeprazole hannu ɗaya ne zalla, kuma da irin wannan katalis ake yin sa, titaniyam da ɗan'uwan asid ɗin tsamiyar nan. Saboda haka ba ɗaya ba ne. Amma ita ma baiwar Allahn ba ta yi ƙarya duka ba. A wannan maganin hannayen biyu duk suna rage asid ɗin ciki, bambancin kawai hanta ta fi jinkirin narkar da hannun da ke cikin esomeprazole, sai ya fi daɗewa a jini. Kuma an fito da shi ne daidai lokacin da haƙƙin mallakar tsohon ke dab da ƙarewa. Ni a ganina, ga mafi yawan masu ƙwannafi da olsa tazarar ba ta kai yadda kuɗin ke nunawa ba. Levofloxacin daban ne, shi ne hannun da ke kashe ƙwayar cuta a cikin ofloxacin, ƙarfinsa ya kai ninki biyu, don haka kar ka auna su miligiram da miligiram.

Ita wannan matar, kar ka canja mata da kanka, ƙanena. Idan kuɗin ne ya yi mata yawa, ta koma wurin likitan ta gaya masa, shi ya san dalilin da ya rubuta, in ya ga babu komai zai sauya mata. Ga shi an fara kiran magariba, bari in tashi. Maganar cetirizine da levocetirizine da Hajiya ta tambaya, sai bayan isha'i in sha Allahu.