Me ya sa ido ke yaji in an shiga Kano da hunturu?

Malam ka ce in ka taso daga Ringim da asuba kana shiga Kano ido ya kama yaji. Ba ƙura ce kaɗai ba fa. Hayaƙin tireloli masu shan dizal da na adaidaita akwai sinadaran salfa da naitirojin a ciki, suna haɗuwa da danshi, ko na idonka ne, sai su zama asid. To da hunturu iskar sanyi kwanciya take a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta kamar murfin tukunya, hayaƙi ba inda za shi, ga gosulo a Yankaba injunan motoci na ta aiki a tsaye. Sai rana ta ɗaga yake watsewa. Da damina kuwa ruwa ke wanko shi, har kwanon rufi yake ci a hankali.