Shara ce ko tankaɗe? Amsoshin tambayoyin masu karatu daga Jidda da Makka

Wani matashi daga unguwar Karantina a Jidda ya rubuto cewa yana cikin masu taimaka wa Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta. Aikinsa a kan ƙananan manhajojin gwaji ne, waɗanda ke duba ko ɓangaren sadarwa na aiki daidai. Ya tarar da layukan umarni iri ɗaya an maimaita su a wurare da yawa, ya tattara su wuri guda, ya kuma sa kowane gwaji ya rushe hanyar sadarwar wucin gadi da ya gina idan ya kammala. Tambayarsa: me zai kira wannan aiki da Hausa, gyara?

Ɗana, ba gyara ba ne. Abin da ya lalace ake gyarawa, naka kuwa da ma yana aiki. Mutanenmu sun mayar da "gyara" jakar magori, kome a zuba ciki. Aikinka biyu ne. Rushe abin da gwaji ya bari, da rufe ƙofofin sadarwa da ya buɗe don kada na bayansa ya yi tuntuɓe da su, wannan shara ce, kamar mai tuwo-tuwo da ta tashi kasuwa ta kwashe tokarta. Tattara maimaici kuwa tankaɗe ne. Ka tuna mace da rariya a kan faifai, tana bugun gefenta da tafin hannu, gari na sauka, tsaki na tsayawa a sama. Garin bai sauya ba, laushi ya ƙara. Haka ake so gwajinka ya kasance: abin da yake kamawa jiya ya kama shi yau. In ka tankaɗe har ya daina kama kuskure, to garin neman gira ka rasa ido. Kuma don Allah ku yaran Jidda ku daina ce mini "na nazzafa". Larabci ba laifi ba ne, amma muna da share, goge, wanke, tsince, kakkaɓe, kowace da wurinta.

Shi dai ya ƙara da tambayar sunan ainihin cikin manhajar Linux da Hausa, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ƙwaya. Masu abin ma da ƙwaya suka kwatanta shi, manhajar da ake ba ta umarni daga waje kuma suka kira ta ɓawo. Duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗa ya gane.

Wata baiwar Allah daga Makka ta tambayi ma'anar "zakaran gwajin dafi". Yau kirari ne na jarumi, har 'yan siyasa na murna in an kira su haka. Asalinsa kuwa maharba ne: in sun haɗa dafin kibiya sai su gwada a jikin zakara, in ya faɗi nan take, dafi ya yi. Ke nan zakaran shi ke mutuwa don a tabbatar da kaifin wani. Masu rabon kirari su riƙa tunawa. Manhajojin wancan matashi ma zakarun gwajin dafi ne, su ake fara jefa wa sabon sauyi.

Wani kuma ya ce gwaji ko jarrabawa? Ɗalibi ake wa jarrabawa. Manhaja, mota da sabon takalmi, gwaji.