Ɗaukar Hoton Ƙananan Kaya Masu Sheƙi Ba Tare da Ƙyalli Ya Ɓata Su Ba

Tambaya: Ina sayar da zobba, 'yan kunne, agogon hannu da ƙananan kwalaben turare ta intanet, kuma da kaina nake ɗaukar hotonsu. Idan na kunna filasha sai wani farin ɗigo ya fito a jikin kayan ya rufe zanen da ke kai, idan kuma na kashe ta sai hoton ya yi duhu, ko in hango fuskata da wayata a jikin zoben. An ba ni shawarar sayen tantin haske, wato ɗan akwatin farin yadi da ake saka kaya a ciki don ɗaukar hoto, na saya, ƙyallin ya tafi, amma yanzu azurfar tana fitowa kamar roba mai ruwan toka. Ina matsalar take, kuma yaya ya kamata in jera fitilun?

Amsa: Malam, matsalolin nan uku da ka lissafa tushensu ɗaya ne, wato duk ƙarfen da aka goge ya yi sheƙi madubi ne, ko da ƙanƙantarsa ba ta bari a lura da hakan. Takarda ko yadi suna watsa hasken da ya sauka a kansu ta kowace fuska, shi ya sa kamanninsu ba ya canjawa ko ta ina ka dube su. Gogaggen ƙarfe kuwa yana mayar da haske ta hanya guda tak, domin kusurwar da haske ya sauka da ita, da ita yake tashi. Abin da kyamara ke gani a jikin zobenka hoton ɗakin ne da duk abin da ke cikinsa, kuma farin ɗigon da ke damunka hoton filashar ne da kanta. Da yake filashar tana daf da idon kyamara, kuma zobe lanƙwasasshe ne, dole a sami wani gurbi a jikinsa da zai maido da hasken kai tsaye. Matsar da fitila nesa ma ba ya dusashe wannan ɗigo, ƙanƙantar da shi kawai yake yi, ya bar sauran jikin ƙarfen cikin duhu.

Abin da ake nema shi ne a ba wa ƙarfen wani abu mai faɗi, mai haske bai-ɗaya, da zai nuna a jikinsa, kuma aikin tantin ke nan. Idan fitila ta haska farin yadin daga waje, yadin ne ke zama tushen haske, sai ɗigon nan ya bazu ya zama lallausan fari da ke bin siffar kayan. Saboda haka fitilu a waje suke zama, kuma ba a manna su da yadin, domin idan sun matso sosai za su yi zagayayyen tabo mai tsananin haske a bango, tabon kuma ya bayyana a jikin zoben kamar yadda filasha ta yi. Ka ja su baya kamar santimita 30 zuwa 50, har ka ga bangon ya haskaka daga gefe zuwa gefe. Kada kuma ka daidaita ƙarfinsu. Ka bar ta ɓangare ɗaya a matsayin babba, ka ja ɗayar nesa. Duk lokacin da ka ninka tazarar fitila, hasken da ke isa yadin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan bambanci tsakanin ɓangarorin biyu shi ke nuna wa mai kallo kauri da lanƙwasar abin.

Dalilin da ya sa azurfarka ta koma kamar roba shi ne tantin ya yi aikinsa har ya wuce gona da iri. Ido yana gane ƙarfe ne idan ya ga fari tas yana maƙwabtaka da baƙi ƙirin a jikinsa, da iyaka mai kaifi a tsakaninsu. Zoben da fari ya kewaye ta ko'ina ba shi da baƙin da zai nuna, sai ya fito da launi guda, ba gefe ba zurfi. Maganin yana da sauƙi, amma yana son haƙuri: ka yanka baƙin kwali siriri, faɗin santimita 2 zuwa 5, ka tsayar da shi a cikin tantin a gefen kayan inda ba zai shiga hoton ba, sannan ka riƙa matsar da shi a hankali kana duban allon kyamara, har ka ga baƙin layi ya kwanta a bakin zoben ya fitar da siffarsa. Layi ɗaya ko biyu sun isa. A ganina nan ne gwanintar wannan aiki take, kuma sau da yawa nakan fifita fitila ɗaya a bayan farar takarda mai shara-shara, da farin kwali a ɗaya gefen yana maido da haske, a kan rufaffen tanti, domin duhun ɗakin da kansa yana samar da baƙin da ake buƙata. Tanti ya fi amfani ga abin da ya lanƙwasa sosai, kamar ƙwallon ƙarfe ko bayan cokali, wanda ke ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi.

Akwai dalili na biyu na wannan ruwan toka, kuma daga kyamara yake. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani matsakaici, saboda haka idan fari ya cika hoto sai ta rage haske. Ka ƙara mata da hannunka ta wurin saitin ƙara ko rage hasken hoto, +1 ko +2, kana lura kada farin da ke jikin ƙarfen ya ƙone ya shafe zanen.

Game da fuskarka da ke fitowa, ka rufe gaban tantin ka bar ramin da idon kyamara kaɗai zai leƙa, ko ka huda farin kwali ka saka idon a ciki. Wani ɗan baƙin ɗigo zai rage, wanda shi ne hoton ramin, kuma yana raguwa idan ka ja baya. Shi ya sa masu wannan sana'a ke amfani da idon kyamara na ɗaukar kusa mai milimita 90 zuwa 105. Mai waya kuma ya zaɓi idon 2x ko 3x idan wayarsa tana da shi, ya ɗauka daga ɗan nesa maimakon ya kai wayar bakin zoben.

Ka kashe fitilar ɗaki, ka rufe taga, domin haɗa haske iri biyu yana sa gefe ɗaya ya yi rawaya, ɗaya ya yi shuɗi, kuma gyara wannan a kwamfuta wahala ce. Fitilunka su zama iri ɗaya, masu launin hasken rana, tsakanin 5000K da 5500K, kuma idan na LED ne ka duba lambar CRI a jikin kwalinsu, wadda ke nuna yadda fitila ke fitar da launuka daidai, ka nemi 95 ko sama, don kada zinariya ta yi kore-kore. Ka saita farin kyamara, wato saitin da ke daidaita launin hoto da hasken fitilunka, da kati mai ruwan toka kafin ka fara. Ko rigar da ka saka tana iya nunawa a jikin azurfa idan gaban tantin a buɗe yake.

Wasu za su ce maka ka ɗaura matatar haske da ake kira folaraiza, sai dai ba ta aiki a ko'ina. Tana rage ƙyallin gilashi, roba da fenti mai sheƙi, kuma ta fi ƙarfi idan kana kallon gilashin a karkace, wajen digiri 56 daga layin da ya miƙe tsaye a kan fuskarsa. A kan tsurar ƙarfe kuwa kusan ba ta yin komai, sai dai ta cinye maka fiye da rabin hasken. Ga fuskar agogo, wadda shimfiɗaɗɗiya ce, ya fi sauƙi ka ɗan karkata agogon har hoton fitilar ya zame ya fita daga gilashin.

Kwalbar turare daban take, domin haske ratsa ta yake yi. Ka haska farin bangon da ke bayanta, ka tsayar da baƙin kwali dama da hagu, sai gefunanta su fito da duhu, ruwan ciki kuma ya nuna launinsa. Duwatsun ado su ma ba sa son lallausan haske kaɗai, don mutuwa suke yi a cikin tanti. Ka ƙara ƙaramar fitila tsirara kusa da kyamara, marar ƙarfi, ka juya ta har fuskokin dutsen biyu ko uku su yi walƙiya. Zane ko rubutun da aka sassaƙa a ƙarfe yana fitowa ne idan haske ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskar abin.

Tanti yana rage haske sosai, don haka ka ɗora kyamara ko waya a kan mariƙi mai ƙafa uku, ka sa ISO, wato saitin ƙarfin kama haske na kyamara, a 100, ka yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Ƙofar haske, wato ramin cikin idon kyamara da ake buɗewa ko tsukewa, ta tsaya a f/8 zuwa f/11. A irin wannan kusanci, abin da ke fitowa sarai bai wuce 'yan milimita ba, kuma tsuke ƙofar zuwa f/22 yana dusashe hoton gaba ɗaya; idan kana son gaba da bayan zoben duka su fito, ka ɗauki hotuna da yawa kana matsar da saitin kaɗan-kaɗan, sannan ka haɗa su da manhaja. Kafin kowace ɗauka ka goge kayan da lallausan ƙyalle, ka riƙe su da safar hannu ta auduga, ka hure ƙura da 'yar robar busa iska, domin faffaɗan hasken da ka sha wahalar shiryawa zai nuna kowane tabon yatsa da kowane ƙwayar ƙura da ke jikin ƙarfen.