Manhajar da nake so ba ta cikin rumbun Linux Mint, yaya zan yi?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da haɗa bidiyon biki kusa da babbar kasuwar Maradi. Na saka Linux Mint 22 a tsohuwar kwamfutata. Na nemi Google Chrome da apt, wato umarnin saka manhajoji, sai ta ce mini "Impossible de trouver le paquet", ma'ana ba ta same shi ba. Kdenlive kuma, manhajar haɗa bidiyo, akwai shi, amma tsohon yayi ne. Me zan yi?

Amsa: Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Apt ba ya ɗauko komai sai abin da ke cikin rumbun Mint da na Ubuntu 24.04, wanda aka gina Mint 22 a kansa. Chrome ba zai shiga wannan rumbu ba, domin Google bai buɗe dukkan lambobinsa ga jama'a ba. Ɗan'uwansa Chromium yana ciki, kuma ga yawancin aiki ba za ka ga bambanci ba.

In dai Chrome ɗin kake so, je shafin Google da kansa ka sauke fayil mai ƙarewa da .deb. Buɗe tagar umarni a inda ya sauka, ka rubuta sudo apt install ./ sannan sunan fayil ɗin, ba tazara. Wannan ɗigo da karan ba ado ba ne, su ke gaya wa apt ya duba nan kusa, kada ya tafi rumbu. Na fi son wannan a kan dpkg -i, ɗaya umarnin saka fayil ɗin .deb, saboda apt zai jawo sauran kayan da manhajar ke dogara da su, dpkg kuwa sai ya tsaya rabin hanya yana ƙorafi.

Kdenlive ne ya fi buƙatar lissafi, don maganar kuɗin intanet ce. Masu shi suna fitar da shi ta Flatpak da kuma AppImage, hanyoyi biyu na samun manhaja ba ta rumbun apt ba. Flatpak yana cikin Mint tun asali, kuma in sabo ya fito, Mint zai sanar da kai ka sabunta. Sai dai a karon farko sai ya fara sauke ginshiƙin KDE, wato kayan da Kdenlive ke dogara da su, ɗaruruwan megabait, kafin ya taɓa Kdenlive ɗin. Na taɓa zama ina kallon layin yana rarrafe, kuɗin intanet ɗina suka ƙare, wuta ta ɗauke, ban samu komai ba. AppImage kuwa fayil ɗaya ne dunƙule. Ka sauke shi sau ɗaya, ka danna dama a kansa, ka ba shi izinin gudana, shi ke nan. Ka zuba a kile, wato USB, abokin sana'arka na Tibiri ya kwafa ba tare da ya kashe ko dala ba. Idan ya ƙi buɗewa, saka libfuse2t64 da apt. Aibinsa ɗaya: in sabo ya fito, kai za ka je ka ɗauko. Ga mai shago irinka, ni AppImage zan zaɓa.

Za ka ci karo da masu cewa ka ƙara PPA. Rumbun wani mutum ne a shafin Launchpad, kuma duk abin da ya zuba a ciki zai shiga kwamfutarka da cikakken iko. In ba na masu manhajar ba ne da kansu, bar shi. Harhaɗa manhaja da kanka daga lambobinta na tushe da umarnin make kuma, a ajiye ta sai ranar da duk waɗannan suka gagara, tsohuwar na'ura cikin zafin Afrilu tana iya wuni tana nishi a kai.